Robobin koyon firakshin masu guda 51, ga abin da na gani

Masu tambaya ko robobin nan na koyon firakshin (wato lissafin ɓangaren abu, kamar rabi ko kwata) suna da amfani ko kuwa kayan wasa ne kawai, to ni dai na saya wa ɗiyata kuma mun ɗan jima muna aiki da su. Guda 51 ne a cikin tire ɗaya, akwai doguwa guda wadda ita ce 1 cikakke, sai rabi guda 2, sulusi 3, kwata 4, haka dai 1/5, 1/6, 1/8, 1/10 har 1/12, kowane layi da kalarsa kuma in ka jera shi tsawonsa daidai yake da doguwar.

Wajen rabawa ne suka burge ni gaskiya. Yawancinmu abin da aka koya mana shi ne juya firakshin na biyun ka ninka, shi ke nan ka samu amsa malam ya ba ka maki, amma in aka ce me ya sa 1/2 ÷ 1/8 ya ba da 4, ta yaya za a raba abu kuma lamba ta ƙaru, sai kowa ya yi tsit. Da robobin nan yarinya ta ajiye rabi ta dinga jera 1/8 a ƙarƙashinsa, guda 4 suka cike shi cif. Ai tambayar dama ita ce 1/8 nawa ne za su shiga cikin rabi, kamar yadda 12 ÷ 3 ke nufin 3 nawa ne a cikin 12. Da na ba ta 3/4 ÷ 1/8 ko biro ba ta ɗauka ba ta ce 6.

Wanda ya fi ba mu aiki shi ne 1/2 ÷ 1/3. Sulusi ɗaya ya shiga, ɗan gurbi ya rage, ta gwada wannan ta gwada wancan sai 1/6 ne ya zauna daram. Nan take ta ce amsa 1 da 1/6, kuma wallahi nan ne yara da yawa suke zamewa. Sai na ce ta ɗora 1/6 ɗin a kan sulusin, ta ga ashe rabinsa ne, kuma tunda da sulusi muke awo dole ragowar ma da shi za a auna ta, amsa ta zama 1 da rabi. Muka koma takarda, 1/2 × 3/1 = 3/2, abu ɗaya. Juyawar ma ga dalilinta a fili: sulusi 3 ne a cikin 1, to a cikin rabi sai a samu rabin 3.

Amma fa suna da nasu matsalolin. Babu 1/7, babu 1/9, babu 1/11, in suka fito a aikin gida sai dai haƙuri. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne doguwar guda ɗaya tak suka sa, kwata kuma 4 kawai, don haka 3 ÷ 1/4 = 12 ba ya jeruwa da saiti ɗaya. Haka in kana so ka nuna wa yaro cewa 3/4 shi ne 3 ÷ 4, wato layin nan da ke tsakanin lambar sama da ta ƙasa shi kansa alamar rabawa ce, robobin ba sa taimaka maka, sai da na yanko takardu uku muka yanka kowace gida huɗu muka raba wa mutum huɗu kowa ya tashi da kwata 3 sannan abin ya shige ta.

Ƙananan kuma 1/10 da 1/12 sun yi kama sosai, in yaro bai daidaita bakinsu ba, zai ƙirga ba daidai ba, ga saurin ɓata, ga shi mai rarrafe zai iya kai su baki. In da hali a nemi masu maganaɗisu, kuma a sayi saiti biyu.