Matatar soso ko ta rataye: wacce ta fi maganin amoniya a tankin kifi?

Kashin kifi da ragowar abinci ne ke haifar da amoniya, wani sinadari mai dafi ga kifi. Ba injin ke cire ta ba, ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune cikin matata, kuma sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su kafu.

Ta rataye, wadda ake rataya a gefen tankin, ta fi tsane datti, ruwa ya yi garau. Matsalarta, da an ɗauke wuta ruwan cikinta ya tsaya, bakteriyar ta rasa iska. Wani kuma sai ya sauya audugar cikin matatar gaba ɗaya, ya zubar da bakteriyarsa a bola.

Ta soso ba ta da kyan gani, amma a Kaduna ita ce zaɓi, saboda ɗauke wuta. Ƙaramin famfon iska ke tuƙa ta, har mai batir akwai. A matse soson cikin bokitin ruwan tankin, ban da ruwan famfo, don sinadarin kulorin da ke cikinsa na kashe bakteriya.

Ko wacce ce, in gwajin ruwa ya nuna amoniya ta kai 0.5 ppm (ma'aunin yawanta a ruwa), ko kifi na haki a saman ruwa, a sauya rabin ruwan da wanda aka cire wa kulorin, a tsayar da abinci kwana 2. Zafin Maris da Afrilu na ƙara wa amoniya dafi.