Kalkuletar Casio da na saya wa yarona a Jidda

Wata biyu kenan da na shiga kantin Jarir na saya wa Abba Casio fx-82ES PLUS, don waccan mai arha da muka ɗauko a wani ɗan shago a unguwar Balad ko sati uku ba ta yi ba maɓallin 7 ya nutse ciki ya ƙi fitowa. To wannan dai Alhamdulillahi, batir ɗaya take ci ƙarami AAA, ga murfi mai ƙwari da ake zura ta ciki, yaron ya yar da ita a tayil har sau biyu ko gezau.

Abin da ya sa ma nake rubutun nan wani aikinta ne mai suna FACT. Ka rubuta lamba ka danna =, sai SHIFT da maɓallin digiri, nan take ta farfasa maka ita zuwa lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, su Abba a makaranta adad awwali suke cewa. Mun fara da 8128 ta ba mu 2 sau shida a jere da 127, wannan kuwa tana cikin kammalallun lambobi, in ka tara duk masu raba ta ban da ita kanta 8128 ɗin za ka sake samu cif, kamar yadda 1, 2, 3 suke ba da 6.

Daga nan fa ni da na ce zan duba masa wajib ɗinsa, wato aikin gida na makaranta, kawai sai na ƙwace abin, har maman Abba ta kira mu cin abinci sau uku. Na sa mata 4294967297. Wannan lambar Fermat, wani masanin lissafi na Faransa, ya ɗauka ba ta rabuwa, don 'yan uwanta na baya 3, 5, 17, 257 da 65537 duk haka suke, sai a 1732 wani masanin lissafin, Euler, ya nuna 641 na raba ta. Wallahi kafin in ɗaga kofin shayi ta fito da 641×(6700417). Abba ya ce Baba ai wannan ta fi Fermat, na ce kai rufa wa dattijo asiri, da alƙalami da tawada ya yi nasa.

Bakan nan biyu da ta saka wa 6700417 ku lura da su, nan ne iyakarta kuma littafinta ya faɗa: lamba kar ta wuce gurbi 10, masu rabawa kuma masu gurbi uku kawai take nema. Duk abin da ta sa a baka ma'anarsa ban gano ba, ba wai ba ya rabuwa ba. 2147483647 haka ta dawo mana da ita ɗungurungum cikin baka, ita kam gaskiya ba ta rabuwa, amma 1026169 ma baka ta sha alhali 1013 sau 1013 ce. Sai da na zaunar da Abba a kan wannan, don ya riga ya rubuta awwali a gefenta da biro.

Ɗan mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare, ta ishe shi har sanawi, babbar sakandare. Mai son tono manyan lambobi kuma ya koma kwamfuta.