AJP tsakanin Apache da Tomcat: abin da na gani bayan shekara uku

Manhajar da nake kula da ita da Java aka rubuta ta, tana zaune cikin Tomcat, sabar da ke gudanar da manhajojin Java, Apache kuma, sabar shafukan intanet, yana gaba yana tarbar baƙi. Igiyar da ta haɗa su ita ce AJP13, wato tsarin AJP na isar da saƙo tsakanin sabobin biyu, ta ƙofa (port) mai lamba 8009. Gadonta na yi, ban zaɓe ta ba, amma mun daɗe tare har ina da abin cewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take isar da saƙo ba ƙari ba ragi. Mutum ya shigo shafi, adireshin IP ɗinsa na asali da bayanin cewa ta HTTPS ya zo duk suna isa hannun Tomcat kai tsaye. Ranar da na gwada haɗa su ta HTTP zalla, rajistar maziyarta ta cika da adireshi guda ɗaya tak, na Apache, sai da na saka RemoteIpValve, wani saiti na Tomcat mai dawo da adireshin baƙo na asali, kafin abu ya daidaita. Ana kuma yabon saurinta, tunda a dunƙule take aika bayanai kuma ba ta yanke layi bayan kowace buƙata. Ni dai a ƙaramin shafi irin nawa ban ga wani bambancin a zo a gani ba.

Wahalar farko daga girman ƙunshin saƙo ta zo. A ƙa'ida bayit 8192 ne iyakarsa, kuma dukkan bayanan kan buƙata dole su shige cikin ƙunshi guda. Wasu ma'aikata da kukis ɗinsu (ƙananan bayanan da burauza ke aikowa a kan buƙata) suka yi kiba suka riƙa cin karo da kuskure, sauran kuma lafiya lau. Na kwana biyu ina lalube. Maganin ashe layi biyu ne: a ɗaga max_packet_size a fayil ɗin workers.properties na ɓangaren Apache, da packetSize a server.xml na Tomcat, kuma dole lambobin su zo ɗaya, kada su wuce 65536.

Babban aibinta kuwa yarda. AJP ba ta ɓoye abin da take ɗauke da shi, kuma Tomcat yana gaskata duk wanda ya yi masa magana ta wannan ƙofa, yana zaton Apache ne. A Fabrairun 2020 aka fallasa ramin da ake kira Ghostcat, wanda ke ba ɓarawo damar karanta fayilolin cikin manhaja muddin 8009 tana buɗe ga intanet. Daga Tomcat 9.0.31, 8.5.51 da 7.0.100 aka rufe ƙofar tun daga tushe, aka kuma wajabta kalmar sirri. Ni da na sabunta ban karanta bayanin canje-canjen ba, shafi ya tsaya cik da kuskure mai lamba 503, na zauna ina zufa gaban allo. Laifina ne, ba na kowa ba.

WebSocket, wanda sashen hira na manhajar ke amfani da shi, shi ma ba ya bi ta cikin AJP, wanda hakan ya sa na karkatar da sashen ta wata hanya dabam.

Yanzu haka tsohuwar manhajar tana nan kan mod_jk, wato ɓangaren Apache mai magana da AJP, Apache da Tomcat cikin na'ura ɗaya, ƙofar a ɗaure da 127.0.0.1, adireshin cikin na'urar kanta, kuma ba ni da niyyar taɓa ta. Sabon aikin da na fara watan jiya kuwa mod_proxy_http na sa masa, wato haɗi ta HTTP zalla.