Ajin haiku na Zoom: malamar ta iya, mai duba aiki ne matsalar

Gaskiya tauraro biyar na yi niyyar ba masu ajin, don darasin hunturu ya burge ni ba kaɗan ba. Malamar 'yar Japan ce, ta yi mana bayanin kigo, kalmar da ake sakawa a haiku, gajeriyar waƙar nan ta Japan, a gane wane lokaci ne na shekara, kuma dusar ƙanƙara kaɗai ta cinye darasin. Ashe su Japanawa ba yuki, wato dusa, kawai suke cewa su wuce ba, akwai botanyuki manya manya masu saukowa a jiƙe, akwai konayuki ta gari gari, sai kazahana wadda iska ke kwasowa daga kan tsaunuka alhali sama garau rana na haskawa. Ita ƙwayar kanta mutsu no hana suke ce mata saboda kusurwa shida gare ta, har ta nuno mana zanen da Doi Toshitsura mai mulkin Koga ta Japan ya fitar a 1832 bayan ya duba su da madubin likita. Wallahi nan kam kuɗina ya halatta.

To sai aikin gida. Ni ban taɓa ganin dusar nan ido da ido ba, don haka na rubuta hunturun da na sani, hazo ya rufe gari, leɓe ya tsage, yara na jin ɗumi a bakin murhu. Ba ma malamar ce ke dubawa ba, wani ne can daban, ya maido min da jan rubutu wai a saijiki, kundinsu na kalmomin yanayi, hazo kasumi ne kuma na bazara ne, in sake. Na yi masa bayani namu ƙurar Sahara ce, a Disamba da Janairu take zuwa da sanyi, ko kallon saƙon bai yi ba, amsar farko ya sake mannowa. Haba malam! Shi Issa, mawaƙin haikun nan da kuke ta yabo, ai ɗan Kashiwabara ne a Nagano inda dusa ke binne gidaje, abin da ke ƙofar gidansa ya rubuta, ni sai in ƙago wanda ban gani ba?

Kuma wai sake dubawa sai an ƙara kuɗi, babu inda suka faɗi haka lokacin rajista. Bidiyon darasin ma sun cire shi ina tsaka da kwafar sunayen nan. Tauraro biyu, su ma albarkacin malamar ne.