Wata takwas da gamsheƙar kwaikwayo

Ranar da na kawo motar nan gida, ranar ta sare ni. Na kashe inji a ƙofar gareji, na zuro ƙafa da sauri don in kira uwargida ta zo ta gani, sai ƙwaurina ya taɓa salansa. A wannan motar salansa ba a ƙarƙashi yake ba, wani ƙaton bututu ne da ya bi gefenta daidai ƙasan ƙofa, kuma bayan tafiyar awa guda ya fi kaskon suya zafi. Wandon shaddata ya ƙone, fata ta tashi. Masu irin motar a nan Amurka saran maciji suke kiran wannan tabo, tunda sunanta Cobra, wato gamsheƙa. Uwargida ta dubi ƙafar, ta dubi motar, ta ce, "Maigida, wannan ce ka shekara biyu kana tara wa kuɗi?"

Tawa ba ta ainihi ba ce, kuma ba na ɓoyewa. Ta ainihin aikin Carroll Shelby ce, mutumin Texas da ya ci tseren motoci na Le Mans a Faransa a 1959 kafin ciwon zuciya ya raba shi da tuƙin gasa. A 1962 ya ɗauko bodin wata ƙaramar motar Ingila ta kamfanin AC, ya cusa mata injin Ford mai silinda takwas, a 1965 kuma aka fito da mai babban inji da ake kira 427. Duka duka kusan dubu ɗaya aka ƙera, kuma ta farkon an sayar da ita dala miliyan 13.75 a gwanjon 2016. To ina ni ina wannan? Shi ya sa kamfanonin kwaikwayo suka samu kasuwa. Factory Five a Massachusetts kayan haɗi suke sayarwa, kai ka ɗaura a gida. Superformance kuwa a Afirka ta Kudu ake haɗa tasu, ta iso babu inji, mai saye ya zaɓi wanda yake so.

Ni hannu na biyu na saya, wajen wani dattijo ɗan fansho da ya haɗa ta da kansa a garejinsa. Bodin faiba ne, ba alminiyom irin na asali ba. Injin Ford Coyote ne mai lita 5, irin na Mustang na zamani, mai ƙarfin doki sama da 400, da giyar hannu biyar. Nauyin motar gaba ɗaya bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, kusan duk ƙaramar motar da ka sani ta fi ta nauyi.

A nan daɗin yake, a nan kuma hatsarin yake. Da ka murɗa makulli sai ka ji rugugin a haƙarƙarinka kafin ya iso kunne. A giya ta biyu, in ka ɗan ƙara mai, kujera ce ke tura bayanka, iska ta cika maka baki. Sitiyarin yana gaya maka komai, ko tsakuwa taya ta taka sai tafin hannunka ya sani. Amma babu wata na'ura da za ta gyara maka kuskure, ba mai hana tayoyi sulɓewa, ba jakar iska. Tsakanin tayoyin gaba da na baya inci 90 ne kacal, don haka gindinta da saurin juyawa yake. Wata safiya bayan yayyafi na taka mai tun ban gama kwana ba, sai na tsinci kaina ina kallon inda na fito. Allah Ya kiyaye babu kowa a titin. Tun ranar sai sitiyari ya miƙe ƙafata ke sauka.

Injin zamanin ya burge ni ta wani wajen: ko ta yi sati biyu a ajiye, bugu ɗaya take tashi, ba ruwanka da wahalar kafireto, kuma kowane shagon kayan gyara yana da kayanta.

Zafi kuwa sai wanda ya shiga. Babu rufi, babu esi, ga akwatin giya ya cinye tsakiyar mota har ya ture kuloci da birki can hagu, kana zaune a ɗan karkace. A watan Agusta a Dallas, rana ta sama, inji ta ƙasa, ni da na tashi a Kano na ɗauka na san zafi. But ɗin jaka biyu ƙanana ya cika. Sannan dattijon nan, Allah Ya saka masa, ya iya ƙarfe amma bai iya waya ba. Agogon mai ya nuna mini kwata, ta mutu mini a gefen hanya da tanki wayam, sai da na biya mai gyaran waya ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Duk mai sayen wadda aka haɗa a gida, ya tafi da makanikensa, ya kuma nemi takardun rajista tun kafin ciniki, domin kowace jiha da dokarta a kan irin waɗannan motoci.

In mota ɗaya za ka iya riƙewa, kada ka soma. In kana da ta kai yara makaranta, kuma ka iya giyar hannu sosai, ban yi nadamar ko dala ɗaya ba, ban da na wandon.

Uwargida sau ɗaya ta shiga, iska ta tafi da mayafinta a kan babbar hanya, ta ce ta yafe. A gidan mai kuwa ba na fita sai wani ya matso ya tambaya ko ta gaske ce. Da ina dogon bayani. Yanzu sai in ɗaga ƙafar wando in nuna masa tabon.