Tsohon da ke gyara mini rediyo a Sabon Gari

Akwatin rediyo 11 gare ni, duk tsofaffi, yawancinsu a wurin 'yan gwangwan na tsinto su. Wanda na fi ji da shi Grundig ne mai jikin katako da na gada wurin mahaifina, wanda a ciki muke sauraron BBC Hausa kowace safiya kafin mu tafi makaranta. Bara ya fara gunji kamar an rufe ƙudan zuma a tulu. Masu gyara biyu suka ce in jefar. Na uku shi ne wani dattijo a wata 'yar rumfa cikin Sabon Gari, ko allon suna babu.

Bai yi gaggawar taɓa komai ba. Ya kwance bayan, ya sa buroshi ya kakkaɓe ƙurar hunturu, ya kunna ya kasa kunne. "Kafasita ce ta bushe, ɗana. Kwalaben nan lafiyarsu lau." Kafasita wata 'yar aba ce mai riƙe wuta, kwalaben kuwa fitilun gilashi ne da ke cikin tsofaffin rediyo. Ya narka dalma ya canza kafasita guda uku, ya ɗaura sabon zare a inda allura ke tafiya, ya ƙulle mini tsofaffin a leda. Da ya murɗa zuwa mita 49, muryar ta fito da kaurinta, sai da idona ya kawo ruwa.

Abin da ya ƙara masa daraja a wurina shi ne rediyo mai agogo, Panasonic, irin wanda lambobinsa ke faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Kullum yana baya da minti 10 a kowace awa, ko da na haɗa shi da taransifoma mai rage wuta. Dattijon ya juya shi, ya nuna mini rubutun ƙasa: don Amurka aka yi shi, inda wuta ke bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 50 ce, kuma da bugun nan injin agogon ke ƙirga lokaci. Ya ce ba lalacewa ya yi ba, don haka ko kwabo ba zai karɓa ba.

Sai dai fa a zo da haƙuri. Ya ce kwana huɗu, sai da na yi mako uku ina sintiri, ga rashin wuta, ga shi ba ya ɗaga waya. Duk da haka ranar Asabar zan kai masa Philips ɗina.