Shekara guda da na'urar sanyaya kwamfuta Peerless Assassin 120 SE a zafin Kano

A watan Afrilun bara, da bazara ta kankama, kwamfutar da na harhaɗa da hannuna don buga gem ta fara tayar mini da hankali. Furosesar ciki, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Ryzen 5 5600X ce, ina amfani da 'yar fankar Wraith Stealth da ta zo da ita a kwali. Da na yi rabin awa ina wasa da rana, sai ƙara ta cika ɗakin, hoto ya fara tsattsayawa, in duba in ga zafi ya haura digiri 90. Iyakar wannan furosesa 95 ne, kuma da ta isa can da kanta take rage gudu don kada ta lalace. Ban ga laifin 'yar fankar ba. Ɗakina rufin kwano ne, babu AC, iskar da take hurawa ma zafi ce.

Wannan ne abin da ya kamata mu riƙa tunawa idan muna kallon masu gwaji a YouTube. Yawancinsu a ɗaki mai digiri 20 da 'yan kai suke auna kayansu. Fanka kuwa ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakinka take aiki da ita. Idan ɗakinka ya fi nasu zafi da digiri 15, to ka ɗora kusan 15 ɗin nan a kan lambar da suka nuna maka.

Da na tashi neman sabon abin sanyaya furosesar, da farko zuciyata ta karkata ga na ruwa, masu lagireto da fitilu, don gaskiya suna da kyan gani. Abin da ya tsayar da ni famfon da ke cikinsu ne. Ranar da ya tsaya, sanyaya ta tsaya, kuma ba abu ne da za ka kai wa mai gyara a kasuwa ba. Na iska kuwa ƙarfe ne da fanka. Fanka ta mutu, ka sayo wata mai milimita 120 ka maƙala. Na kuma yi sha'awar wani na iska mai suna Noctua NH-D15, amma tsayinsa milimita 165 ne, akwatin kwamfutata 160 yake ɗauka, kuɗinsa kuma ya ninka na wanda na saya fiye da sau biyu. Wanda na saya ɗin, Peerless Assassin 120 SE na kamfanin Thermalright, 155 ne, sai ya shige.

Hasumiya biyu gare shi na siraran faranti na alminiyam, da fanka biyu, da bututun jan ƙarfe shida. A cikin kowane bututu akwai ɗan ruwa kaɗan a rufe. Zafin furosesa yana mai da shi tururi, ya hau sama, iska ta sanyaya shi, ya dawo ƙasa, babu injin da ke tura shi.

Wajen ɗaurawa ne nake so a natsu. Kafin ka cire tsohuwar fanka, kunna kwamfutar ta ɗan yi ɗumi don man da ke tsakani ya yi laushi, sannan ka murɗa a hankali hagu da dama. Furosesa irin tawa, mai mazaunin da ake kira AM4, ƙafafunta a jikinta suke, idan ka fizga tana iya biyo fankar ta fito, ƙafafun su lanƙwashe. Ka riƙe farantin bayan madabod, wato babban allon da furosesa ke zaune a kai, da hannu ɗaya, don da an kwance noti huɗun tsohuwar fankar yake faɗuwa. Akwai kuma leda a manne a gindin sabon, a ɓare ta tukuna. Man shafawa yana cikin kwalin, ɗigo kamar ƙwayar wake a tsakiya ya isa. Noti biyun da ke danne shi sai fankar tsakiya ba ta nan ake kai musu, a riƙa ɗaure su bi da bi. RAM ɗina, wato sandan ma'adanar da ke tsaye kusa da furosesa, dogo ne, fankar gaba ta zauna a kansa, sai da na ɗaga ta sama kaɗan, murfin akwatin ya rufe da ƙyar. Da na auna wannan tun farko da na huta.

Yanzu ko da tsakar rana ina wasa, zafin yana yawo ne a wajen 70, tsattsayawar nan ta tafi, ƙarar fankar silin ma ta fi tasa. Da hunturu ya shigo, ƙura ta cika tsakanin farantan cikin 'yan makonni, zafi ya ɗan ɗaga. Na ɓalle wayoyin da ke riƙe fankokin, na bi da buroshin fenti mai laushi, na hure, komai ya koma daidai. Farantan suna da kaifi, a kula da yatsu.

Wanda furosesarsa ƙarama ce kuma aikin ofis yake yi, wadda ta zo a kwali ta ishe shi. Amma mai buga gem a ɗaki irin nawa, ina ba shi shawarar wannan ba tare da shakka ba, muddin ya sa tef ya auna faɗin akwatinsa da tsayin RAM ɗinsa kafin ya biya kuɗi.